La'adar ɗakin poka da tukuicin da ake mayar wa 'yan wasa

Wani dare bayan sallar isha'i, muna zaune a ƙofar gida a wata unguwa ta kudancin Jidda inda Hausawa suke da yawa, ɗan ƙanwata, saurayi mai sana'ar gyaran waya, ya nuna mini wata manhaja ta wasan kati da ake kira poka. Da ya ga fuskata ta canza, sai ya yi sauri ya ce: "Kawu, wannan ba irin cacar da kuka sani ba ce. Ba da gida ake karawa ba, da mutane ake karawa, kuma wanda ya fi iyawa shi ke ci. A watan jiya ma riyal 240 suka mayar mini kyauta." Na shafe shekaru ina riƙe littafin lissafi a harkar aika kaya zuwa Kano da Yamai, kuma aikin ya saba mini da neman shafin da kowane kuɗi ya fito, musamman wanda aka kira kyauta. Saboda haka na ɗauki lokaci na bi diddigin yadda ɗakunan poka suke samun kuɗinsu da yadda suke lissafa abin da suke mayarwa, domin irin maganar yaron nan ina jin ta a bakin samari da dama a Jidda da Makka.

Hukuncin addini a kan caca bai shige wa kowa duhu ba, yana nan a aya ta 219 ta Suratul Baƙara da ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida. Dokar ƙasar nan ma a fili take: babu gidan caca mai lasisi a Saudiyya, kuma dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2007, a sashenta na 6, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 3 ga mai ƙirƙira ko yaɗa ko tallata harkar caca ta intanet. Yaron ya san wannan duka. Lissafi ne ya ruɗe shi, don haka da lissafi ya kamata a amsa masa.

Rabin maganarsa gaskiya ce, kuma adalci ne a fara da ita. A wasanni irin su rulet, wanda ake jefa ƙaramar ƙwallo a kan faifai mai juyawa a ci amana kan lambar da za ta tsaya, gidan caca da kansa ne abokin karawar ɗan wasa, an kuma gina wasan yadda gida zai riƙa rinjaye: a rulet ɗin Turai rinjayen kashi 2.7 ne cikin 100 na duk abin da aka zuba, a na Amurka kuwa kashi 5.26. A poka gida ba ya riƙe kati. Yana ba da tebur da kujeru da mai raba kati da masu tsaro, 'yan wasa kuma su kara da junansu, kuɗin wanda ya faɗi ya koma hannun wanda ya ci. Ƙwarewa tana da tasiri a nan, babu musu. To amma mai gida ba don Allah ya shimfiɗa teburin ba, kuma tunda ba ya cin kowa kai tsaye, sai ya riƙa yankar wani abu daga kuɗin da aka tara a tsakiya a kowane zagaye, kafin a tura wa wanda ya ci. Turawa suna kiran wannan kaso da sunan manjagara, abin da ake yayo ciyawa da shi, ni kuwa zan kira shi la'ada, duk da cewa akwai bambanci tsakaninsa da la'adar dillali wanda zan zo kansa.

A yawancin ɗakunan poka na Amurka, a ƙananan tebura, ana ɗaukar kashi 10 cikin 100 na kuɗin tsakiya har zuwa wata iyaka, wadda galibi take tsakanin dala 4 da dala 6. A shafukan intanet kason ya fi ƙanƙanta, kusan kashi 5 cikin 100, shi ma da iyakarsa. Ɗakuna da yawa suna da ƙa'idar cewa idan zagaye ya ƙare kafin a buɗe katunan uku na farko a tsakiyar tebur, ba a ɗaukar komai. A manyan tebura kuma sau da yawa ba a taɓa kuɗin tsakiya, kowane ɗan wasa ne yake biyan kuɗin kujera duk rabin awa. A jihar Kalifoniya doka ta hana ɗakunan kati ɗaukar kaso bisa ɗari, sai suke karɓar tsayayyen kuɗi a kowane zagaye, a Tekzas kuma kulob-kulob ɗin poka kuɗin zama mamba da kuɗin awa suke karɓa, domin su kauce wa dokar da ta hana cin riba daga wasan kansa. Ba cinya ba ƙafar baya, kowace hanya aka bi daga aljihun 'yan wasa kuɗin yake fita.

Dala 4 ko 5 ba ta da girma a ido, kuma a nan ne mutane suke yaudarar kansu. A ɗauki mutum biyu masu ƙwarewa iri ɗaya, kowa ya zuba dala 20, kuɗin tsakiya ya zama dala 40. Gida ya ɗauki dala 4, wanda ya ci ya karɓi 36. Ke nan idan ka ci ribarka dala 16 ce, idan ka faɗi asararka dala 20 ce. Wanda yake ci sau ɗaya yana faɗuwa sau ɗaya, wato wanda yake ganin ya tashi babu ci babu asara, a haƙiƙa yana rasa dala 4 a kowane zagaye biyu. Kafin ya tsira da uwar kuɗinsa kawai, sai ya ci kusan zagaye 56 cikin kowane 100. Ɗan wasa na iya fin duk waɗanda ke teburin iyawa kuma ya tashi da asara, muddin fifikon nasa bai kai girman la'adar ba.

Iyakar da ake sa wa la'ada tana da wani sakamako da ba a cika faɗa ba. Idan iyakar dala 5 ce, tarin dala 50 zai biya dala 5, wato kashi 10 cikin 100, tarin dala 500 shi ma dala 5 zai biya, wato kashi 1 cikin 100 kacal. Attajirin da ke babban tebur kusan ba ya jin yankan, mai ƙaramin ƙarfi da ya zauna a teburin da ya fi araha don yana tsoron asara shi ne yake biyan kaso mafi nauyi. Samarinmu kuwa, masu albashin riyal dubu ɗaya da wani abu ko masu aikin yini, duk a ƙananan teburan suke.

Bari in kawo misali na kaina don a ga abin a dunƙule. Mutum tara sun zauna, kowa da dala 200, jimla dala 1,800 a kan tebur. Mai raba kati da hannu yana raba kusan zagaye 30 a awa ɗaya. A ce an ɗauki la'ada a zagaye 25 daga ciki, dala 4 a kowanne, to dala 100 ke nan take shiga ramin da ke gefen mai raba kati a kowace awa. A zaman awa takwas dala 800 ta tafi, wato riyal 3,000 a kan canjin 3.75 da aka ɗaure riyal da shi tun 1986. Da a ce babu wanda zai sake ciro kuɗi daga aljihu, kuma yankan bai ragu ba, cikin awa 18 babu abin da zai rage a kan teburin. Abin da ke ɓoye wannan shi ne kullum wani yana tashi, wani yana zuwa da sabon kuɗi, wanda ya ƙare kuma yana sake saye, kowa hankalinsa yana kan abokin karawarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba a nan yankan ya tsaya ba. Ɗakuna da yawa suna ɗaukar ƙarin dala 1 ko 2 a kowane zagaye su zuba a wani asusu na garaɓasa, wanda ake raba shi idan wani mai kati masu ƙarfi ƙwarai ya sha kaye a hannun wanda ya fi shi, ko kuma a ba wanda ya fi kowa kati mai kyau cikin wani lokaci. Ana rubuta adadin asusun da manyan lambobi a bango kamar alheri ne daga gida, alhali kuɗin 'yan wasa ne aka tara, kuma mafi yawansu za su zuba a ciki shekara da shekaru ba su taɓa ganin ko sisi ba. Sannan al'ada ce a Amurka wanda ya ci zagaye ya miƙa wa mai raba kati dala ɗaya ko fiye, domin da wannan ne ma'aikatan suke cika albashinsu.

A gasa salon daban ne, la'adar tana cikin kuɗin shiga. Za a rubuta, misali, dala 100 da dala 10: ɗarin ta tafi asusun kyauta, goman ta gida ce. Babbar gasar World Series of Poker, wadda Benny Binion ya fara a gidan cacarsa na Horseshoe a Las Vegas a 1970, kuɗin shiga babban wasanta dala 10,000 ne. A 2023 mutum 10,043 suka shiga, aka raba dala 93,399,900 a matsayin kyauta, Daniel Weinman ya tafi da miliyan 12.1. Duk wanda ya raba wancan adadi da yawan mutanen zai ga dala 9,300 ce ta kowane mutum ta shiga asusun, an riƙe dala 700 domin gida da ma'aikata, abin da ya haura dala miliyan 7 a wasa ɗaya. Kusan kashi 15 cikin 100 na waɗanda suka shiga ne suke samun wani abu, sauran su koma gida hannu rabbana. Labarin da ake tallata wasan da shi kuwa na Chris Moneymaker ne, akawu daga jihar Tennessee, wanda ya sami gurbi ta wata ƙaramar gasar intanet da kuɗin da bai kai dala 100 ba, ya ci dala miliyan 2.5 a 2003. A shekarar mutum 839 ne suka shiga, zuwa 2006 sun kai 8,773. Labarin mutum ɗaya ya ninka masu biyan kuɗin shiga sau goma cikin shekara uku.

Sai maganar tukuici, wadda ita ce ta kama zuciyar ɗan ƙanwata. A gidajen caca na Las Vegas ana ba ɗan wasa katin shaida, a saka shi a na'ura idan ya zauna, a cire idan ya tashi, kuma a ɗakin poka abin da aka saba rubuta masa shi ne dala 1 zuwa 2 a kowace awa, wadda galibi abinci zai ci da ita a cikin gidan. Wani lokaci a haɗa masa da rangwamen ɗakin kwana idan ya cika wasu awoyi a rana. A misalin da na kawo a sama, kowane ɗaya daga mutum taran yana biyan kusan dala 11 a awa, a mayar masa da 1 ko 2. Duk wanda ya taɓa sayen gero ko tumatir a kasuwa ya san gyara, ya kuma san cewa daga cikin ribar da aka ci a kansa take fitowa, ana yin ta ne domin gobe ya dawo wannan rumfar.

Katin yana da wani aiki da ya fi rabon abinci muhimmanci ga gida. Kamfanin Harrah's, wanda daga baya ya zama Caesars, ya fito da tsarin katinsa a 1997, kuma Gary Loveman, malamin jami'ar Harvard da ya koma kamfanin a 1998, ya yi suna ne wajen mayar da bayanan katin hanyar sanin kowane abokin ciniki: yaushe yake zuwa, awa nawa yake zama, nawa ake sa ran samu daga gare shi, wane tayi ne zai dawo da shi idan ya ɗauke ƙafa. Da wannan awo ake yanke wa kowa tukuicinsa, shi ya sa ɗan poka yake samun ƙasa da mai buga injin caca, domin gida ya fi samu a kan mai injin. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

A intanet tukuicin ya fi fitowa fili a matsayin mayar da wani kaso na la'adar da mutum ya biya, a ce kashi 20 ko 30 cikin 100, ko kuma a ba shi maki da matakai, duk wanda ya hau mataki na gaba kasonsa ya ƙaru. Akwai hanyoyin lissafi daban-daban, wasu shafukan suna raba la'adar zagaye ga duk wanda aka raba wa kati, wasu ga waɗanda suka zuba kuɗi kawai, gwargwadon abin da kowa ya zuba. Ko wace aka bi, ma'auni ɗaya ne: yawan abin da za a mayar maka yana bin yawan abin da aka yanka daga gare ka. Na'ura kuma ba ta gajiya kamar hannun mutum, tebur ɗaya na intanet yana raba zagaye 60 ko fiye a awa, mutum kuma yana iya buɗe tebura huɗu a lokaci guda, ta yadda ƙaramin kason nan na kashi 5 yake maimaituwa sau ɗaruruwa kafin asuba. Matakan su ne suka fi damuna, domin suna juya tunanin mutum: idan wata ya kusa ƙarewa kuma saura masa maki kaɗan ya hau mataki, sai ya ci gaba da wasa yana gajiye, yana cikin fushin asara, a daidai lokacin da ya kamata ya kashe wayar ya kwanta.

Abin da ya faru a PokerStars, shafin da ya fi kowane girma a lokacin, ya nuna inda zuciyar gida take. A wancan lokacin shafin yana da mataki mafi girma mai suna Supernova Elite, wanda sai mutum ya tara maki miliyan ɗaya a shekara yake kai wa, kuma akwai ƙwararrun da da kuɗin da ake mayar musu suke rayuwa. Kamfanin Amaya na Kanada ya sayi shafin a 2014 a kan dala biliyan 4.9, a watan Nuwamba na 2015 kuma aka sanar da zaftare ladan wannan mataki, ƙwararrun suka ƙaurace wa shafin na kwana uku a farkon Disamba, amma hakan bai sauya komai ba. A 2017 aka kawo tsarin akwatunan kyauta waɗanda mutum bai san abin da ke ciki ba sai ya buɗe. Dalilin a bayyane yake ga mai lissafi. Ƙwararre yana kwashe kuɗin masu rauni da sauri ya fitar da shi daga shafin, alhali gida ya fi son kuɗin ya daɗe yana zagayawa tsakanin mutane masu ƙarfi kusan ɗaya, yau ga wannan gobe ga wancan, ana yankarsa a kowane juyi har ya ƙare a matsayin la'ada. Darasi na biyu shi ne tukuici ba haƙƙi ba ne, mai gida yana iya sauya shi a duk ranar da lissafinsa ya sauya.

A nan ne nake ganin bambanci da la'adar dillali. Dillalin da ya haɗa mai rago da mai saye a kasuwar dabbobi ya ci la'adarsa sau ɗaya, wannan ya tafi da rago, wancan ya tafi da kuɗi, kowa ya sami abin da ya zo nema. A teburin poka babu hajar da ta sauya hannu, kuɗi ɗaya ne yake kai da komowa, kuma ana cire masa la'ada duk lokacin da ya motsa. Idan aka haɗa ribar duk 'yan wasa da asararsu, jimlar kullum tana ƙasa da sifili da daidai adadin da gida ya ɗauka.

Duk abin da na ambata ya shafi wuraren da suke da lasisi da hukumar da ke duba littattafansu, kuma ko a can an ga abin da aka gani. A ranar 15 ga Afrilu, 2011, ma'aikatar shari'a ta Amurka ta rufe adireshin PokerStars da Full Tilt Poker da Absolute Poker, daga baya masu gabatar da ƙara suka bayyana cewa 'yan wasa suna bin Full Tilt kusan dala miliyan 390 alhali abin da ke asusunsa bai wuce kusan miliyan 60 ba, kuma 'yan wasan Amurka sai a 2014 suka fara karɓar kuɗinsu. To ina ga saurayin da ke Jidda? Shi ba ɗaki mai lasisi yake shiga ba. Manhajar da ke wayarsa a fili wasan nishaɗi ce da kuɗin wasa, amma a cikinta akwai kulob na sirri, kuma wani wakili ne yake sayar masa da kuɗin wasan a karɓi riyal na gaske a waje. Wakilin yana samun kasonsa ne daga la'adar mutanen da ya kawo, tukuicin da yake mayarwa ma daga cikin wannan kaso yake gutsurowa. Shi ya sa ba ya damuwa ko ka ci ko ka faɗi, damuwarsa kada ka daina, kuma shi ya sa yake da saurin ba da bashi idan kuɗinka ya ƙare. Ranar da ya kashe wayarsa da kuɗinka a hannunsa, babu ofishin 'yan sanda da za ka kai ƙara ba tare da ka kai kanka ba, kuma wanda ke zaune da igama, wato takardar izinin zama a ƙasar, balle wanda ba shi da ita, ya san abin da hakan zai iya jawo masa da iyalinsa.

Ina kuma hasashen tallar za ta ƙaru a yankin nan. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta kafa hukumar kula da wasannin caca a 2023, ta ba kamfanin Wynn lasisi a 2024 domin katafaren otal ɗin da yake ginawa a Ras al-Khaima, tafiyar 'yan awoyi a jirgi daga nan. Samarin da suka taso suna buga wasan kati na balot a majalisa, wasan da aka yi masa gasar hukuma a Riyad a 2018, hannunsu ya saba da kati, kuma da kalmomin ƙwarewa da maki da kyauta za a yi musu magana.

Bayan kwana biyu na sake zama da ɗan ƙanwata, na tambaye shi kashi nawa wakilin ya ce yana mayar masa. Ya ce kashi 30. Na ba shi biro na ce ya lissafa mini: idan riyal 240 ita ce kashi 30, nawa ne ɗarin? Ya rubuta 800, ya daɗe yana kallon lambar, sannan ya ce: "Kawu, ke nan wannan ban da abin da aka cinye ni?" Na ce masa haka ne, riyal 800 la'ada ce kawai ta wata ɗaya, 560 daga ciki ta tafi ba za ta dawo ba, abin da ya rasa a hannun abokan wasa kuma lissafinsa daban. Na roƙe shi ya nemi wakilin ya turo masa jimlar la'adar da ya biya tun ranar da ya fara. Wakilin ya turo masa jerin tukuicin da ya karɓa wata bayan wata, tare da sanarwar cewa saura maki kaɗan ya hau mataki na gaba, amma jimlar la'adar ba ta cikin saƙon.